Takarda ta ce ɗiyarmu lahiya lau take

Gwaggo Rabi Zariya: Salamu alaikum jama'a, yau sai na hwaɗi abin da ke cina. Ɗiyar ƙanena da nike riƙo shekararta 15, tana katiriyam, watan jiya wasu 'yan proje sunka zo lakwal ɗinsu sunka raba musu takarda da Faransanci, tambayoyi kan ɓacin rai da rashin barci har da wadda ke cewa ko kin taɓa jin gara ki mutu ko ki ji ma kanki ciwo. Ta sa "non" ko'ina, anka ce mana ba komi. Sati 3 bayan nan ina yi mata kitso hannun rigarta ya zame na ga tabo jere, ita ta yi ma kanta, wasu ma sun girmi takardar. Mun kai ta asibiti ana duba ta alhamdulillahi. Amma ni da ina lura da ta daina cin tuwo ta daina hira, takardar nan ta sa na saki jiki. Ƙarya ce, kada wata uwa ta yarda da ita.

Abdu Mai Kanti: Allah shi ba ta lahiya. Amma Gwaggo ƙarya kuma? Takarda ba ta da baki, abin da anka rubuta mata shi take hwaɗi. In akwai ƙarya wajen mai bik take.

Gwaggo Rabi Zariya: Kai Abdu ɗiyar tawa kake ce ma maƙaryaciya tana kwance?

Malama Zuwaira: Abdu ɓoyewa daban ƙarya daban. Ni ina koyarwa, kilas ɗina sun kusa 80, uku-uku bisa tabur guda, ta kusa da ke tana leƙen hannunki, malami na yawo bisa kanku, kuma kin san in kin sa "oui" kahin la'asar labari ya kai gida ya kai unguwa har gidan da za su nemi aurenki wata rana. Ko ni ce "non" zan sa.

Abdu Mai Kanti: Malama ko wane suna kika ba ta, an tambaye ka ka ce a'a alhali e ne, mi sunanshi a Hausa?

Malama Zuwaira: Sunanshi kunya da tsoro.

Hamisu Ɗan Tibiri: Ni ina bayan Abdu, ƙarya ƙarya ce ko ta hwari ko ta baƙi.

Manjo Isuhu: Ku tsaya, Gwaggo tana da gaskiya wani wuri. Tambayar da ta kwatanta irin ta 9 ce cikin takardar da ake kira PHQ-9, kuma sati 2 da sunka wuce kaɗai take tambaya. Shi wanga tunani zuwa shike shi tahi, yaro na iya cewa a'a ranar Litinin da zuciya ɗaya, Alhamis a yi mishi wulaƙanci gaban mutane komi ya juye. Kuma kuskuren ta gehe biyu ne, da yawa da za su sa "oui" ba za su taɓa yin komi ba, wasu masu "non" kuma su ne cikin haɗari. Shi ya sa a Ingila hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin aikin lahiya ta ce tun 2022 kada a yi aiki da irin waɗanga ma'aunai don hasashen wa zai kashe kanshi ko ya sake ji ma kanshi ciwo. A Amurka ma cikin shekarar kwamitinsu na rigakahi ya ce hujja ba ta isa ba kan tantance yara duka game da haɗarin kashe kai, ƙungiyar likitocin yara kuma ta ce a tambaya daga shekara 12. Su kansu ba su daidaita ba. Takarda ta buɗe magana ce, wanda ya ce muku "ba komi" don an sa "non" shi ya yi kuskure.

Hamisu Ɗan Tibiri: Ingila, Amurka, kullum sai an ɗauko mana Turawa. Sojan Faransa sun hita tun 2023, an ce Hausa ce harshen ƙasa tun 2025, amma ɗiyanmu da Faransanci ake tambayarsu ciwon zuciyarsu.

Malama Zuwaira: To a maida ta Hausa mu gani Hamisu. "Gara in mutu in huta", wace uwa ce ba ta hwaɗe shi ba ranar da tiyar hatsi ta hau? Yarinya ta ji shi sau dubu, ta ina za ta san wanne ake nuhi.

Ustaz Lawali: Ni tambayar kanta nike ƙi. Allah ya ce kada ku kashe kawunanku, Nisa'i aya ta 29. Yaron da bai taɓa tunanin abu ba ka rubuta mishi shi a takarda, ai ka koya mishi.

Manjo Isuhu: Allah shi gafarta Malam an gwada wannan, a makarantun sakandare na jihar Niyok, anka buga a 2005, tambayar ba ta ƙara ma yara tunanin ba.

Ustaz Lawali: Yaran Niyok ba yaran Maradi ba ne.

Malama Zuwaira: Malam ai sanin haramun ne ke sa su ɓoye, ba wanda ke so a ce imaninshi ya yi rauni.

Mariyama Sabon Gari: Ku bar wahal da kanku, Abdu ƙanenshi ke tuƙa motar 'yan proje, shi ya sa tun ɗazu shike kare takarda.

Abdu Mai Kanti: Hajiya Mariyama ki ji tsoron Allah, wani proje ne daban na rijiyoyi, kuma ke da ke bina bashin sukari tun azumi ba ki isa ki kawo maganar ƙanena nan ba.

Mariyama Sabon Gari: Ni ke binka ko kai ke bina? Ka ga ko magana ba ka iya ba, jaka 2 ce gobe yaro zai kawo ma.

Hamisu Ɗan Tibiri: Ba a dai ba ni amsa ba, ɓoyewa ƙarya ce ko ba ƙarya ba?

Alhaji Mamman, admin: To ya isa haka, na karanta duka. Abin da anka cimma shi ne takarda ba ta da laihi tunda Manjo da kanshi ya ce likitocin Amurka na aiki da ita, kuma kowa ya yarda yarinya ba ta hwaɗi gaskiya ba. Asalin matsalar salula ce da rashin tarbiyya, ni ɗiyana ba mai riƙe waya sai ya ci burebe. Maganar bashi a kai ta kanti.

Malama Zuwaira: Alhaji wa ya ambaci salula nan? Kuma ni ban yarda ba, kada a sa ni cikin kowa.

Gwaggo Rabi Zariya: Ba ta ma da waya Alhaji. Manjo don Allah zan kira ka bayan isha'i, ƙanwarta ma ta cika takardar nan ranar, ita ma "non" ta sa, kuma ban san ta inda zan hwara tambayarta ba.