Yarinya ta daina hira da cin abinci: tashen balaga ne ko ciwon damuwa?

Maman Zarah:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Yarinya ce 'yar shekara 15, tana aji biyu na babbar sakandare. Kusan wata biyu ke nan ta canja. Ba ta hira da ƙannenta, abinci sai an yi da gaske, da rana barci, da dare ido biyu tana riƙe da waya. Abu kaɗan sai kuka ko faɗa, karatunta kuma ya yi ƙasa sosai. Babanta ya ce tashen balaga ne zai wuce, kakarta ta ce a kai ta ruƙiyya. Yaya ake bambance wanda zai wuce da kansa da wanda sai an je asibiti?

Likita Auwal:
Wa alaikumus salam, Maman Zarah. Allah ya ba ta lafiya. Abu biyu ake dubawa: daɗewar abin, da kuma ko ya taɓa karatu da cin abinci da zama da mutane. Tashen balaga yana zuwa yana ɗagawa. Yarinya ta yi fushi da safe, da yamma ƙawarta ta zo ki jiyo suna dariya. Ciwon damuwa ba ya ɗagawa haka. Ma'aunin likitoci shi ne mako biyu a jere, kusan kullum, mutum na cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ga rikicewar barci da ci, kasala, rashin riƙe karatu, da ganin kansa ba shi da amfani. A wajen matasa ƙuncin yakan fito a matsayin tsiwa da saurin fushi, shi ya sa ake ɗauka rashin kunya ce a hau su da faɗa. Kuma ba abu ne baƙo ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Wata biyu tare da faɗuwar karatu ya wuce a zauna jira.

A fara da duba jiki. A yi gwajin yawan jini, domin budurwar da ke zubar da jinin al'ada da yawa takan samu ƙarancin jini, shi kuma yana kawo kasala da jiri da rashin fahimta. Likita zai iya ƙara gwajin tayrod, wani sashe ne a wuya da ke daidaita kuzarin jiki, zai kuma tambaya game da tiramol da sirop mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018 amma bai ɓace ba.

Idan damuwa ce, maganin farko shi ne zama da ƙwararre ana tattaunawa. Idan ta yi tsanani ana ƙara ƙwayar fluoxetine. Ba ta aiki nan take, takan ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma a makonnin farko dole a sa ido domin wasu matasan tunanin cutar da kai kan ƙaru musu. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Don Allah kada a je kemis neman maganin barci. Diazepam yana kama jiki har a kasa daina sha, amitriptyline kuma idan aka sha da yawa yana taɓa zuciya har ya kashe.

Malama Binta:
Hajiya, kafin asibiti akwai zaman da ke kaɗai za ki iya yi. Kada a yi shi a falo gaban babanta da ƙannenta, kada kuma ki zaunar da ita gaba da gaba kamar mai laifi. Ki bari kuna tsinkar zogale ko kina yi mata kitso. Ki faɗi abin da idonki ya gani: “Na lura ba kya cin abinci, kuma kin daina zuwa wajen ƙawayenki. Hankalina ya tashi. Me ke damun ki?” Sai ki yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. In ta ce ba komai, ki ce to, gobe ki sake gwadawa.

Ki guji “me kika rasa a gidan nan?” da “ba ki da tawakkali”. Waɗannan kalmomi suna ƙara mata jin laifi, wanda dama yana cikin ciwon. Idan ta fara buɗe baki, ki tambaya a hankali ko ana tsangwamar ta a makaranta, ko wani ya taɓa ta inda bai dace ba, ko wani na yi mata barazana da hotonta a waya, ko an yi mata zancen auren da ba ta so. In ta faɗi abin da ya girgiza ki, ki danne fushinki a lokacin, in ba haka ba ba za ta ƙara gaya miki komai ba.

Sai tambayar da iyaye ke gudu, kuma ita ta fi muhimmanci: “Kin taɓa jin gara ki mutu? Kin taɓa tunanin kashe kanki?” Yin ta kai tsaye ba ya saka wa yaro tunanin, bincike ya tabbatar da haka. Idan ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da duk magungunan gida a kulle, a tafi asibiti a ranar. Ki kuma duba hannuwanta da cinyoyinta, domin hijabi da dogon hannu na ɓoye tabon reza.

Nas Rabi:
A gyara barci tun yanzu. Mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10. Da balaga agogon jiki kan matsa gaba, barci ba ya zuwa da wuri, hasken waya kuma yana ƙara tura shi. Wadda za ta tashi sallar asuba ya kamata ta kwanta wajen ƙarfe 9 na dare. Waya ta kwana a ɗakinki, amma dokar ta hau kan yaran gida duka don kada ta zama horo. Barcin rana kada ya wuce minti 30, kuma ban da bayan la'asar. Shayi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari a tsaya da su daga azahar. Ta riƙa fita hasken safe, ta motsa jiki, ana son a kai minti 60 a yini amma ko tafiyar minti 10 a fara da ita. Kada a jira sai ta ji sha'awar yin abu, a wannan ciwon sai an fara yi sha'awar ke biyowa baya.

Malam Habibu:
Kakarta ba ta yi kuskure da son addu'a ba. A yi mata azkar da karatun Alƙur'ani a gida, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Abin da za a ƙi shi ne duka da sunan fitar da aljanu, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da kai ta gidan mari.

Maman Zarah:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Babanta yana tsoron a ji an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, saboda maganar aure nan gaba.

Likita Auwal:
Tsoronsa abin fahimta ne. Ba sai an fara da can ba. Ku je sashen ganin likita na babban asibiti mafi kusa, in da buƙata a tura ku sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko Maiduguri. Mafi yawan matasa ana ganin su ne su koma gida a ranar, ba kwanciya. Sirrin majiyyaci amana ce a kan likita, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ma ta kare shi. Amma in ta fara jin muryoyin da ba kowa, ko ta yi kwanaki ba barci tana surutu ba tsayawa, ko ta daina shan ruwa, ba a jiran ranar ganin likita. Ki tafi da rubutaccen bayanin lokacin da abin ya fara da duk maganin da ta sha, ki kuma yarda likita ya gan ta ita kaɗai na ɗan lokaci.