Taƙaitawa: shawarwari ga mai son binciken cututtukan gado na yara

A zaman da ɗaliban likitanci suka yi da wasu manyan likitocin yara a Kano, magana ta fi karkata kan sikila, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa amma ba shi da ciwon.

An kawo misalin masanin kimiyya Anthony Allison, wanda a 1954 ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, daga jinin da ya gwada a Gabashin Afirka. Shawarar manyan ita ce a fara daga ɗakin jinya: yaron da hannu da ƙafa suka kumbura yana wata takwas (alamar sikila), a rubuta tarihin gidansu dalla-dalla, har auren zumunci. A ganina nan ne muke da sakaci, fayil ɗinmu ba ya cika.

Sun kuma ce a nemi ubangida a bincike, kamar yadda Asibitin Malam Aminu Kano ya haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka wajen gwada maganin hydroxyurea don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Sannan a iya yi wa iyaye bayani da Hausa: AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon sikila.