Kuɗin 'Yan Ci-rani Ne Zai Ɗaga Ƙasa?

Wannan muhawara ta tashi ne a zauren WhatsApp na 'yan garinmu da ke ƙasar Auyo a Jigawa, ranar da ake haɗa kuɗin rufin makarantar Islamiyya.

Kawu na Jidda: Salamu alaikum. Na turo nawa, ma'aji ya duba. Amma bari in faɗi abin da ke raina. Ku ƙirga gidajen bulo da kwano a garin nan, yawancinsu gumin wanda ya fita ne: na Saudiyya, na Libiya, na Legas da Fatakwal. 'Yan Najeriya da ke waje suna turo kusan dala biliyan 20 duk shekara, a Afirka kudu da Sahara babu ƙasar da ta kai mu. Wannan kuɗi shi zai ɗaga ƙasa. A daina tsare yara a gona, a bar su su fita nema.

Ma'aji: Wa alaikumus salam. Ya shigo, Kawu. Allah ya ƙara buɗi.

Malamin firamare: Kawu, babu mai raina guminku. Amma riƙe gida daban, ɗaga ƙasa daban. Ƙasar Nepal, abin da 'ya'yanta ke turowa daga Ƙatar da Saudiyya da Malesiya ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikinta, ya ninka namu nesa ba kusa ba. Talauci ya ragu a gidaje, wannan gaskiya ne. Amma har gobe shinkafa daga Indiya suke shigo da ita, matasa kuma layin fasfo suke bi, domin ba a samar da aikin da zai zaunar da su ba.

Inna: Malam, ni ban san Nepal ba, amma na san ambaliyar 2022. Da ruwa ya cinye mana shinkafa da gero, ɗana ne ya riƙa turo abin da muka ci har rani. Shi ya biya wa ƙanwarsa makarantar aikin jinya, ga ta nan tana karɓar haihuwa. Wannan ba ci gaba ba ne?

Malamin firamare: Shi ne ainihinsa, Inna. Kuɗin da ya shiga kan yarinyar nan zai yi shekara 30 yana haihuwa. Damuwata cikin naira goma da ake turowa, nawa ce ke bin wannan hanya, nawa ke tafiya a biki da kayan ɗaki?

Sarkin Noma: Ku ba ni dama. Fita nema ba yau aka fara ba. Iyayenmu sun yi Gwanja, sun yi fataucin goro. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, mutane suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. A 2011 da Libiya ta rikice, kun ga yadda yaranmu suka dawo. Arzikin da ke hannun hukumar wata ƙasa, rana ɗaya ake rufe ƙofarsa.

Abin da na gani da idona ya canza ƙasar nan ruwa ne. Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, daga baya aka yi ta Challawa. Ku je Kura, ku je Kadawa da Bunkure, ku ga yadda ruwan nan ya mai da mutane. Mu ma nan, tun da aka ja magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda yake noma sau ɗaya ya koma sau biyu: shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa da sanyi. Ƙasar ɗaya ce, hannun ɗaya ne, amfanin ya ninka. Yanzu kuma ciyawar kacalla ta toshe magudanai, masu ƙarfin cire ta suna Legas.

Kawu na Jidda: Ranka ya daɗe, madatsa aikin gwamnati ne. Ni da nake wankin mota zan gina Tiga? Kuma injin ban-ruwan da ke fadamar ƙanena, riyal ne ya saye shi.

Yaya na Legas: Kawu ya yi gaskiya a nan, amma ku ji nawa. Shekara shida ina acaɓa, na tara, na ce ba zan zuba a bulo ba. Na sayi injin casar shinkafa na kafa a gida. Wuta ba ta zuwa, na koma dizal, dizal ya cinye riba ya fara cin uwar kuɗi. Da damina motar ɗaukar kaya ba ta iya shigowa garin. Wata takwas na rufe, na sayar da injin da asara, na koma kan babur. Don haka masu cewa 'yan ci-rani ba su da tunani, gini kawai suka sani, su yi mana adalci. Muna gini ne saboda bulo ba ya neman wutar lantarki, ba ya ruɓewa a hanya kamar tumatir.

Auta, ɗalibi a Dutse: Yaya, abin da ya same ka shi ne zuciyar maganar. Kuɗin waje yana bin hanyar da ya tarar a share ne. Koriya ta Kudu ma ta yi ci-rani: daga 1963 ta tura masu haƙar kwal Jamus ta Yamma, ta bi su da ma'aikatan jinya, sannan magina suka cika ƙasashen Larabawa. Kawu, tashar jiragen ruwa ta Jubail da ke can wajenku, kamfanin Hyundai ne ya karɓi kwangilarta a 1976. Bambancin shi ne a gida sun riga sun raba wa manoma gonaki, sun cika makarantu da yara, sun dage kan masana'antun da ke fitar da kaya. Wanda ya dawo da kuɗi da sana'a ya tarar da inda zai zuba su. Mu kuwa riɗinmu da zoɓonmu ɗanye ake kwasa daga Maigatari da Dawanau, zoɓon har Meziko, ribar sarrafawa tana can.

Inna: To auta, tun da dala ta hau ai abin da ake turowa ya ƙara auki.

Auta, ɗalibi a Dutse: A lissafin naira ne, Inna. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, buhun taki da litar fetur ta injin ban-ruwa su ma sun bi dala. Mai ɗa a waje ya samu sauƙi, maƙwabcinsa da ba shi da kowa ya shiga uku. Kuma masu riyal suna taya gonar fadama da tsadar da ɗan gari ba zai iya ba, wasu ma ba nomawa suke ba, ajiya ce.

Kawu na Jidda: Wannan magana ta gona ta taɓa ni, domin ni ma na saya. Amma ku ma na gida ku faɗi naku laifin. Sau biyu ina turo jarin kiwo, sau biyu ana ce mini dabbobi sun mutu, ko fata ban gani ba. Wa zai sake? Har yanzu ina kan bakata: ba don na waje ba, da garin nan ya watse.

Malamin firamare: Ban musa wannan ba, Kawu. Abin da nake musu shi ne a cire yaro daga aji huɗu a ce ya tafi nema. Bana yara bakwai na rasa a haka.

Sarkin Noma: Ga shawarata. In an gama rufin nan, gudunmawa ta gaba ta tafi kan famfo mai aiki da hasken rana a rijiyoyin fadama, mu huta da fetur. Ran Asabar kuma akwai gayyar cire kacalla, wanda ba ya gari ya biya ladan mutum ɗaya.

Yaya na Legas: Na ɗauki mutum biyu.

Kawu na Jidda: Na gayya zan biya. Na famfo kuwa sai an buɗe littafi, mutum uku su sa hannu, a riƙa ɗora hoton rasit a zauren nan duk wata. Ma'aji, ka ji sharaɗina.

Ma'aji: Na ji, Kawu. Za a karanta shi a taron bayan Juma'a.