Ta yaya zan fahimtar da 'yan aji biyu muhimmancin ruwa, ba hadda kawai ba?

Malamar Aji Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke wajen birnin Kano, kuma ɗalibaina 'yan shekara bakwai zuwa takwas ne. A makon jiya muka zo kan darasin amfanin ruwa, na tambaye su abin da ake yi da shi, suka amsa baki ɗaya kamar masu rera waƙa: sha, wanka, wanki, girki, alwala. Na ji daɗi har na sa aka tafa musu. Da aka tashi tara na fita, sai na tarar da uku daga cikinsu sun kunna famfon tankin makaranta suna watsa wa juna ruwan da kuɗi ake biya kafin a zuba shi, wata yarinya kuma ta zura hannunta har gwiwar hannu a cikin randar aji domin ta ciro moɗar da ta nutse, kuma daga wannan randar kowa ya ci gaba da sha har aka tashi. A nan na gane cewa bakinsu ne kawai ya ɗauki darasin. Ina roƙon malamai da iyayen da ke wannan zaure su ba ni shawarar yadda zan sake shi ta hanyar da zai zauna musu, da kayan da ba sai an saya ba, domin ba mu da ɗakin gwaje-gwaje.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da ƙoƙari, kuma kada abin ya dame ki, domin duk wanda ya daɗe da alli a hannu ya ga irinsa. Yaro ba ya sanin darajar abin da bai taɓa ƙirgawa ba. Saboda haka kafin ki sake buɗe baki a kan darasin, ki ba su aikin gida: kowa ya ƙirga buta nawa, bokiti nawa, jarka nawa aka ƙarar a gidansu daga sallar asuba zuwa lisha, ya kuma tambayi mahaifiyarsa ko daga ina ruwan ya zo, rijiya ce, burtsatse ce, famfo ne, ko kuwa 'yan garuwa ne suka turo kura har ƙofar gida. Washegari ki rubuta amsoshin a allo. Za ki ga su da kansu sun tono amfanin da ba ya cikin littafi, kamar jiƙa gero kafin a kai niƙa, dama kunu, kwaɓa ƙasar gini, ba awaki, da yayyafa wa tsakar gida kafin shara don kada ƙura ta tashi.

Bayan haka ki sa a kawo jarka mai lita 20 cike da ruwa, ki ce kowa ya zo ya gwada ɗagawa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka jarkar ta kai kilo 20, wato kusan nauyin wasu daga cikin yaran da ke zaune a gabanki. Wanda ya yi nishi bai iya raba ta da ƙasa ba, zai riƙa kallon mai garuwa da wani ido daban.

Da wannan jarkar kuma nake nuna musu ruwan duniya. Ruwa ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, amma wajen kashi 97 cikin 100 nasa na teku ne, mai gishiri, ba ya shawuwa kuma ba a ban ruwa da shi. Sai in ce musu mu ɗauka wannan jarka ita ce ruwan duniya kaf, in ɗebi rabin lita, daidai da leda guda ta fiya wata, in ce wannan kaɗai ne ruwan daɗi. A cikin ledar ma fiye da kashi biyu bisa uku daskararre ne a matsayin ƙanƙara a ƙarshen duniya ta kudu da ta arewa da kan manyan duwatsu, mafi yawan saura kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, inda guga da burtsatse suke kai wa gare shi. Abin da ke cikin koguna da tafkuna duka, har da Kogin Kwara da Tafkin Chadi, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Idan na ɗaga cokalin nan sama, aji yakan yi tsit.

Kada ki bar su ba tare da sun ga inda ruwa yake zuwa idan ya ɓace ba. Ki jiƙa tsumma ki shanya a taga, ki tambaye su wa ya sha ruwan da ke jikinsa. Ki ɗaure farar leda a reshen darbejiya mai ganye da safe, kafin azahar za su ga ɗigo-ɗigo sun taru a ciki, su san cewa itace ma yana sha kuma yana fitarwa. A gida su ɗaga murfin tukunya, da izinin uwa, su ga tururi ya koma ruwa. Hadari ke nan a taƙaice: rana ta ɗebe, sama ta tara, sanyi ya mayar. Ita randar taku ma malama ce. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ya tafi da zafi, shi ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, kuma haka zufa take sanyaya jikin mutum. Da wannan hikima ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yara suna son jin cewa na gida ne ya yi.

Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka, sai dai ina da ɗan ja a wuri ɗaya. A ganina labarin ƙanƙarar ƙarshen duniya zai iya jira sai sun kai aji huɗu, amma hannun da aka tsoma a randa ba zai jira ba, domin mu ne muke karɓar sakamakonsa a asibiti, musamman da damina idan amai da gudawa suka ɓarke.

'Yar'uwa Malama, abu mafi wuya a fahimtar da yaro shi ne cewa ruwa yana iya zama garai-garai amma yana ɗauke da cuta. Ga abin da nake yi idan muka je faɗakarwa. Nakan shafa wa yaro ɗaya manja da ɗan toka a tafin hannu, in ce ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba, har a kai mutum na biyar, sannan kowa ya buɗe hannunsa. Sai in ce musu ƙwayoyin cuta haka suke yawo, bambancin kawai su ido ba ya ganin su. Daga nan in ba ɗaya ruwa zalla ya wanke, ɗaya kuma in ba shi ruwa da sabulu ya cuɗa har tsakanin yatsu na kimanin daƙiƙa 20, su kwatanta da idonsu. Lokutan da za ki nanata musu biyu ne: bayan fitowa daga bayi, da kafin cin abinci. Game da randa kuwa, a sa mata murfi, a samo moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, a rataye ta a ƙusa, kowa ya sha da kofinsa.

Akwai wani kuskure da manya ma suke yi, wato ɗaukar cewa alif yana tsarkake ruwa. Alif yana kwantar da laka ne ruwa ya yi haske, amma tafasawa ko sinadarin kulorin ne suke kashe ƙwayoyin cuta. Ki kuma gaya musu cewa fiye da rabin jikinsu ruwa ne, shi ya sa gudawa take galabaitar da yaro cikin yini guda, kuma maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari, ko dai na ƙunshi da ake samu a kemis, ko a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba su ne za su haɗa ba, amma saƙon yakan isa kunnen uwa ta bakin ɗa. Haka nan su sani cewa jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, kada su ɗura wa ƙanensu ruwa don tausayi a lokacin bazara.

Idan kina son labarin da zai ƙarfafa musu gwiwa, ki ba su na kurkunu. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an samu mutum sama da 650,000 masu ita a Nijeriya, kuma ta shan ruwan tafki ake kamuwa. Da tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyi da wayar da kai aka ci ƙarfinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. Yaranki ba su taɓa ganin ta ba, amma kakanninsu za su iya nuna musu tabonta a ƙafa. Wadda ta rage mana ita ce tsargiya, mai sa fitsarin jini, da ake ɗauka wajen wanka a kududdufi da magudanan ruwa. Ki haɗa wannan gargaɗi da na nutsewa, domin kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi suna cin yara kusan kowace damina.

Manomin Rani ya amsa:

Malama, ni ba malami ba ne, noman rani nake yi a yankin Kura, amma zan sa baki kaɗan. Yaran birni da yawa suna zaton ruwa daga famfo yake farawa, shinkafa kuma daga buhu. Ki samo gwangwanin madara biyu, ki huda ƙasansu, ki cika da ƙasa, ki shuka wake a kowanne. Ɗaya a riƙa ba shi ruwa kullum, ɗaya a hana shi, kuma yaran ne za su riƙa bayarwa bi da bi. Cikin mako guda ba ki da sauran bayani. Sai ki gaya musu cewa tumatir da shinkafar da ake nomawa a Kadawa da Kura da rani, ruwan madatsar Tiga suke sha, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ko wutar lantarki da suke yi wa ihu idan an kawo, wani ɓangarenta ƙarfin ruwa ne yake samar da shi a Kainji tun 1968. Hausawa sun ce ruwa abokin aiki, mu da muke kwana a bakin kwata muna jiran layin ban ruwa mun fi kowa sanin haka.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Abu ɗaya zan ƙara a kan na magabata. Yaran nan suna alwala sau da yawa a rana, don haka buta ita ce ma'aunin da suka fi sani. Ya tabbata cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana alwala da mudu guda na ruwa, wato abin da bai kai lita ɗaya ba. Nakan sa ɗalibi ya yi alwala a kan roba da famfo a sake, wani kuma ya yi da buta, sannan mu auna abin da ya taru. Ruwan da aka tara kuwa ba ma zubarwa, gindin zogalen makaranta muke kai shi. Aya ta 30 ta Suratul Anbiya, wadda ta ce daga ruwa aka yi duk wani abu mai rai, ta dace a karanta musu a ranar da wakensu ya tsiro.

Malamar Aji Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Hajiya na fara da manja da toka ranar Litinin, kuma tun ranar an sa wa randa murfi, moɗar ɗiba tana rataye a ƙusa. Ƙirgar da Baba ya ce a yi ta kawo abin da ban zata ba: wata yarinya ta ce jarka huɗu ake saya a gidansu, kuma ita ce take kai wa mai garuwa kuɗin, wani yaro kuma ya ce su ba sa ƙirgawa domin suna da burtsatse, sai gardama ta kaure a kan ko ruwan burtsatse yana ƙarewa. Na ce su riƙe tambayar sai ranar da za mu yi darasin jarka da cokali. Wake ya tsiro a gwangwani ɗaya jiya Alhamis. Sai dai na kama ɗaya daga cikin yaran nan uku masu wasa da famfo yana satar zuba wa gwangwani na biyu ruwa daga gorarsa, wai tausayinsa yake ji, don haka dole mu sake shuka a ranar Litinin, kuma shi na naɗa mai kula da famfon tanki.