Tamostat: a cire ko a bar shi?

Sabo Direba: Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis na ɗauko buhu 12 na riɗi daga Maigatari za ni Dawanau, a Hilux ɗina mai injin fetur 2.7. Ina wuce Gujungu allurar zafi ta kusa taɓa ja. Wani bakanike a bakin titi ya ce tamostat ne, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa a cikin inji sai ya ɗau zafi ya buɗe masa hanyar lagireto, ya kwance ya damƙa min a hannu, ya ce kayan ƙasar sanyi ne, ba namu ba. Yanzu in babu kaya allura tana kwance a ƙasa, amma da na yi lodi sai ta fara hawa a hankali. In sayi sabo ne ko in bar ta haka?

Oga Haladu Bakanike: Wa alaikumus salam. Bar ta haka, Sabo. Tun zamanin akori-kura Fijo 504 ta Kaduna nake wannan sana'a, kuma duk motar da ta shigo garejina daga Kwatano, shi nake fara cirewa. Bature ya sa shi ne don ƙanƙarar garinsu. Mu da muke haura digiri 40 a watan Afrilu, me za mu ɗumama?

Nura: Oga, Allah ya ƙara girma, a gabanka na koyi riƙe sifana, amma a nan ban bi ka ba. Hilux da Land Cruiser da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai duk da tamostat suke fitowa, kuma zafinsu bai gaza namu ba. Ka duba jikinsa, akwai lamba a buge, 82 ko 88. Zafin da yake fara buɗewa ke nan. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen nan, ba a 50 ko 60 ba. Digiri 40 ɗin da yake gasa mu, a wurin inji sanyi ne.

Oga Haladu Bakanike: Wannan karatun takarda ne. Injin da ya yi sanyi ya taɓa kashe wani?

Nura: Ba ya kashewa rana ɗaya, a hankali yake ci. Motar Yaya Sabo mai injekta ce, akwai ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota, da take karanta zafin ruwa. Muddin ta ga injin bai ɗumi ba, za ta yi ta ƙara fetur kamar an ja cok. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ringi su riƙa gogawa a bushe. Fulogi su yi baƙi. Sannan danshin da ke taruwa cikin baƙin mai ba ya fita sai injin ya yi zafi sosai, shi ne kake buɗe murfi ka tarar da dagwalo kamar kwata. Ka tuna asubar Janairu a Haɗeja, da hunturu, a yi tafiyar awa guda allura ba ta motsa ba.

Alhaji Ado Mai Shinkafa: Ni dai ban san ƙwaƙwalwa ba, amma na san aljihuna. Tun da aka cire wa tawa na ga shan mai ya ƙaru, har na zargi yaron motar da zuƙe min tanki. Allah ya yafe min, har albashinsa na riƙe.

Malam Iro: Alhaji, a nemi yaron a biya shi, wannan ba batun tamostat ba ne.

Oga Haladu Bakanike: To Nura, ka amsa min wannan. Ka je kasuwa ka ce a ba ka sabo, a miƙo maka a kwali mai sheƙi, wata biyu ya maƙale a rufe. Kana tsakiyar daji bayan Kafin Hausa, da buhunan mutane a baya. Kafin ka ankara gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Wanne ya fi sauƙi, ƙarin fetur ko aikin inji? Motoci nawa aka jawo min da igiya a kan haka!

Nura: Wannan kam ka yi gaskiya, jabu ya cika kasuwa. Kuma in ya maƙale min a daji ni ma cire shi zan yi in lallaɓa gida. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a isa gida a manta. Gwajinsa ba ya buƙatar kuɗi: a ɗaure shi da zare a rataya cikin tukunyar ruwa, a ɗora a wuta. Mai kyau zai fara buɗe baki kafin ruwa ya tafasa, a sauke ya huce ya koma ya rufe. Ko sabo ne, a dafa shi kafin a ɗaura. Wajen ɗaurawa kuma, ɗan ƙarfen nan mai rawa a gefensa ya kalli sama, ta nan iska take fita.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. A wasu injuna tamostat yana da faifai a gindinsa. In ya buɗe hanyar lagireto, faifan nan sai ya toshe wata gajeriyar hanya da ruwa yake zagayawa cikin injin kaɗai. Ka cire shi, hanya biyu duk a buɗe, wani ruwan ya riƙa yanke bai je lagireto ba. Irin wannan motar in an cire mata ma ƙara zafi take yi da lodi. Yaya Sabo, duba naka ka gani.

Danlami Mai Taya: Ni na ji an ce in babu shi ruwa gudu yake yi da yawa, ba ya samun zama a lagireto ya huce.

Nura: Ana faɗa, amma ba haka ba ne. Ruwan da ya daɗe a lagireto yana hucewa, ɗan uwansa ya daɗe a cikin injin yana dahuwa. Gudun ruwa ba ya hana sanyaya.

Malam Iro: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Mutumin nan ya ce an cire, kuma da lodi allura tana hawa. Ke nan ciwon yana nan inda yake. Sabo, a makonnin nan ba jigilar alkama kake yi daga inda ake casa ba? Ka leƙa tsakanin lagireto da ragar AC. Sannan wane ruwa kake zubawa?

Sabo Direba: Na rijiyar ƙofar gida, Malam.

Malam Iro: Mai zartsin nan? Leƙa cikin butar shayinku ka ga farin da ya daskare a gindinta. Shi ne a cikin siraran bututan lagiretonka. Ka nemi kulan, wato ruwan lagireto na kanti, na gaske, in babu hali ko ruwan sama ne ka tara ka tace. Ka duba robar murfin lagireto ma. Murfin nan mai lamba 0.9 a jikinsa shi yake riƙe matsi, ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robar ta tsage, a 100 zai fara amai. Kuma don Allah kada ka buɗe shi da zafi, ko ka kwara ruwan sanyi a injin da ya ɗau wuta. Na ga wanda fatar hannunsa ta saɓule.

Oga Haladu Bakanike: Fanka fa? Ku da kuka iya Turanci ba wanda ya ambace ta. Kulocin fankar Hilux mai ne a cikinsa, in ya tsiyaye fanka tana juyawa amma ba ta jan iska. Ka kashe mota da zafinta, ka zare makulli, ka juya da hannu. In ta yi ta walawala kamar ta ɗaki, ta mutu. Ni ɗaure ta nake yi da noti, shi ke nan.

Nura: Gwajin daidai ne, Oga. Ɗaurewar ce dai, ga ƙugi kamar jirgi, ga wahalar da fanbel da wata-famfo. Ana iya buɗe kulocin a ƙara masa man silikon.

Oga Haladu Bakanike: Kai komai sai ka ce amma.

Sabo Direba: To na dawo. Malam Iro, Allah ya saka da alheri. Ƙaiƙayi na tarar danƙare a gaban lagireto kamar an shimfiɗa tabarma, na wanke shi ta baya da tiyo. Robar murfi a tsage take. Fanka tana da nauyi a hannu. Na tayar da motar da sanyi murfin lagireto a buɗe, ban ga kumfa ba, baƙin mai kuma bai koma kamar shayi da madara ba, ina ga gaskit ya tsira. Tamostat ɗin na dafa shi, ya buɗe sarai kafin ruwa ya tafasa, kuma akwai faifan a gindinsa. Maman yara ta ce ba za ta ƙara miya a tukunyar ba.

Oga Haladu Bakanike: Ya buɗe a tukunya. Tukunya ba ta ɗaukar buhu 12.

Sabo Direba: Zan mayar da shi gobe in na sayo murfi da gaskit ɗinsa. Juma'a ina da lodin shanu biyu daga Wudil, da azahar zan taso.

Oga Haladu Bakanike: Ka tafi da sifana da jarkar ruwa. Lambata tana wurinka.