Neman kalma: yaya zan ce "triploid oyster" a rediyo?

Rabi: Salamu alaikum malamai, ina da shirin noma da kiwo ƙarfe huɗu, labarin kiwon oyster ne (wata halittar teku mai ɓawo) a Amurka, irin da Standish Allen ya fara samarwa a Jami'ar Maine a 1979, wanda yake ɗauke da jerin ƙwayoyin gado uku maimakon biyu, to ba ya hayayyafa, ƙarfin da zai tafi wajen ƙwai sai ya koma nama. Me zan kira shi manomi ya gane?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Oyster dai kawa ake rubutawa.

Baba Audu: Ɗiyata kar ki ce kawa, mai sauraro ƙawa zai ji. Mu a bakin gulbi makankari muka sani, da bawonsa tsohuwata ke kankare tukunya har ya lashe ta gefe ɗaya. Ki ce makankarin teku.

Garba: To shikenan, tauren makankari! Bunsuru in an dandaƙe shi ya daina bin awaki ya yi ƙiba, ba abin da ke faruwa nan ba kenan?

Malam Sani: Ba wanda ya dandaƙe shi Garba, haka aka ƙyanƙyashe shi. Yanzu ma namiji mai jeri huɗu ake haɗawa da mace mai biyu, dabarar da aka fitar a Jami'ar Rutgers. Ɗan'uwansa kankana marar 'ya'ya ce, ba taure ba.

Garba: Ku 'yan jami'a matsalarku kenan, kalma in ba daga ofishinku ta fito ba sai ku ce ba daidai ba ce, alhali makiyayi ya san zaɓen iri tun kafin a gina cibiyar binciken noma ta Samaru

Issoufou: Kuma a riƙa tunawa mu ma a Maraɗi muna kama tashar nan, ba Kano kaɗai ake Hausa ba. Taure kowa ya san shi.

Malam Sani: Ban raina makiyayi ba wallahi, tsorona kar yaro ya rubuta a jarrabawa cewa fiɗiye shi aka yi.

Rabi: Baba na ɗauki makankarin teku. Zan ce "mai gado uku", sannan in kawo taure sau ɗaya a matsayin misali. Saura minti arba'in.

Garba: Gado uku kam wani zai zata na kwanciya ne. Amma je ki, bayan shiri ma dawo kansa.