Kilomita 400 kacal, amma tikiti ya ce awa ɗaya da kwata

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata za ta yi tafiya tsakanin wasu ƙananan filayen jirgi biyu, kuma dogon zama na tayar mata da ciwon gwiwa. Na auna a taswira, tazarar kusan kilomita 400 ce a miƙe. A sanina jirgin fasinja na gudun fiye da kilomita 800 a awa, wato rabin awa ya isa. Sai ga tikiti ya ce tashi 9:10, sauka 10:25. Ina sauran minti 45 ɗin suka shiga? Ko yana ya da zango ne a hanya ba su faɗa ba?

Tsohon Ma'aikacin Fili:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Malam, lokacin tikiti ba na shawagi kaɗai ba ne. Ana fara ƙirga shi daga sanda aka cire waigin taya jirgi ya motsa, har sanda ya tsaya cak a can. Tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi da jiran izinin hasumiya duk suna ciki.

Shi kuwa gudun 800 ɗin sai jirgi ya kai can ƙololuwa. A ƙasashe da yawa, in yana ƙasa da ƙafa 10,000 ba a yarda ya wuce kimanin kilomita 460 a awa ba. Saukowa ma a hankali ake yi: matuƙa na lissafin mil 3 na teku (kimanin kilomita 5 da rabi) na tafiya ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauko. Wanda ke ƙafa 30,000 tun saura kilomita 160 da ɗoriya zai fara gangarowa. To a tafiyar 400 me ya rage na sheƙa gudu?

Ni ina kyautata zaton ma ba jet ba ne. Duba tikitin. In ka ga AT7, ATR 72 ne mai farfela, gudunsa wajen 500 ne. In DH4 ne, Dash 8 Q400 ke nan, ya fi shi sauri, yana haura 650.

Mai Taswira:
Ƙari a kan na Baba Tsohon Ma'aikacin Fili: jirgi ba ya bin layin da ka ja. Akwai hanyoyi da aka shata a sama, kuma ya fi son fuskantar iska wajen sauka, don haka yakan zagaya filin kafin ya miƙo. Iska ma na da nata. Daga New York zuwa Landan wajen awa 7 ne, komawa kuwa kusan 8. Sannan ka tabbata agogon garuruwan biyu ɗaya ne, domin tikiti na rubuta lokacin kowane gari ne.

Umman Sadik:
Ɗan'uwa, ni gwiwar ce ta dame ni. Zamanta zai fi na tikitin, tunda ana shigar da fasinja tun kafin lokacin tashi. Ka kira kamfanin tun yanzu ka nema mata keken guragu, kada ka bari sai ranar. Ƙananan filaye galibi matakala ake hawa. In ATR ne, ta ƙofar baya ake shiga, sai ka zaɓa mata kujera a baya, ta gefen hanya, ta samu miƙe ƙafa.

Baban Ilham:
Na duba, AT7 ne kuwa, kuma agogo ɗaya ne. Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya Umman Sadik, a gaba na zaɓa mata kujera, yanzu zan kira su a mayar da ita baya.